An Ce In Kalla, Kada In Taɓa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sa mutane barci a ɗakin tiyata kafin in taka ƙasar Maleshiya. Asibitin garinmu bai taɓa samun likitan wannan fanni ba, mu nas-nas biyu ne da muka yi kwas ɗin muke karɓa-karɓa. In an kawo mace haihuwa ta gagara, ni ce zan zaunar da ita, in sa ta sunkuya, in lalubi ƙashin bayanta da babban yatsa in soka allura. In an kawo wanda mota ta take, ni ce zan zura masa bututu a maƙogwaro in riƙe numfashinsa a hannuna har a gama ɗinki. Akwai ranakun da wuta ta ɗauke muka ƙarasa aiki da fitilar waya, ina matsa jakar iska ina kallon launin leɓen mutum, don shi kaɗai ne abin aunawar da ya rage mini. Ba yabon kai nake yi ba. Aikin da ya sauka a kanmu ke nan, muka ɗauka.

Maigidana malamin jami'a ne, aka tura shi yin digiri na uku a wata makaranta da ke Jalan Semarak, a Kuala Lumpur. Muka tattara da yara biyu muka bi shi. Muka kama gida a hawa na sha huɗu a Titiwangsa, inda in na leƙa ta taga nake hango tafki da jiragen ƙasa suna wucewa ta saman motoci. Shekarar farko ba abin da nake yi sai kai yara makaranta, girki, da kwashe shanya kafin ruwan la'asar. Sauran matan ɗalibai 'yan uwana sun saba da zaman, wasu ma suna jin daɗinsa. Ni hannuna ƙaiƙayi yake yi. Ko a jirgi in na zauna kusa da mutum, sai in tsinci kaina ina kallon wuyansa da haɓarsa, ina auna ko zai yi wuyar zura bututu.

Maƙwabciyarmu ce ta kawo mini labarin karatun. 'Yar Filato ce, Kirista, ta girme ni da kusan shekara goma, tana koyar da ilimin haɗa magunguna a wata kwaleji. Anti muke ce mata, har maigidana. Ta ce akwai makarantar da ke ba nas-nas digiri na biyu a fannin sa barci, kuma suna ɗaukar baƙi.

"Kina nan kina ruɓewa a kan tukunyar shinkafa," ta ce. "Tashi ki je ki ɗauko fom."

Dama na daɗe ina son digirin, don a gida ba a ba mutum aji ya koyar da masu tasowa in ba shi da shi, ko da ya fi malaman nasu sanin aiki.

Matar da ke ofishin ɗaukar baƙi ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba. Kullum da murmushi take korata. Zuwan farko ta jujjuya takarduna ta ce saura shaidar na iya Turanci. Na ce mata da Turanci muke magana yanzu ni da ita, da shi na yi firamare, da shi na yi makarantar jinya, da shi na rubuta duk jarrabawar da ke hannunta. Ta ce, "Tak boleh, Puan," wato ba zai yiwu ba, Madam. Ita ce jimlar Malay ta farko da na haddace, ba kuma a son raina ba.

Na je na zauna jarrabawar Turancin tare da 'yan matan da na kusa haifa. Da aka zo na baka, wani Bature ya kunna rikoda ya ce in yi masa magana na minti biyu a kan ɗan itacen da na fi so. Ni da nake rubuta rahoton rai da mutuwa da wannan harshe! Na yi masa bayanin mangwaro raina a ɓace, na ci.

Zuwa na biyu sai batun suna. Takarduna na makaranta da sunan mahaifina suke, fasfona kuma da sunan miji, don haka aka yi mini shi lokacin da za mu taho. Ta jera su gefe da gefe ta ce waɗannan mutum biyu ne. Na nuna mata hoto, na nuna mata fuskata. Tak boleh. Sai da aka yi rantsuwa a kotu a gida, aka buga tambari, aka kai wani ofishi ya shaida tambarin, wani ofishin kuma ya shaida shaidar. Yayana ne ya yi wannan zirga-zirga ya aiko. Kafin takardar ta iso an rufe ɗauka, sai zango na gaba.

Ranar ganawa mutum uku ne a bayan tebur. Shugabar kwas ɗin tana tsakiya, wata siririya mai tabarau, ita ce ta fi tambaya. Ta karanta takardar aikina ta ɗago.

"An rubuta nan ke da kanki kike yin allurar baya."

"Haka ne."

"Likita yana ina?"

"Yana riƙe da wuƙa, yana jirana."

"A'a, likitan sa barci."

"Babu shi."

Suka kalli juna. A ƙasarsu, nas ba ta sa barci ita kaɗai, likita ne ke yi, ita ta taimaka masa. Tsarinsu ne, ban ga laifinsa ba, mu ma da muna da likitocin haka za mu so. Amma yadda ta cire tabarau ta ce, "To wa ya ba ku izini?" kamar ta kama mai tallan magani a tasha, shi ya tsaya mini a wuya. Na ce gwamnati ce ta koyar da mu ta ba mu lasisi, kuma in ba mu yi ba, a bakin ƙofa matan za su riƙa mutuwa. Ta rubuta wani abu. Bayan sati uku aka aiko cewa na samu.

Zangon farko na aji ne, kuma na sha wuya. Mu goma sha biyu ne, ni kaɗai ce baƙar fata, ni ce kuma babba. Abubuwa da yawa da nake yi da hannu ban san dalilinsu ba sai a nan. Na san in na ba da magani kaza bugun jini zai faɗi, amma ban san ta wace hanya ba. Na ga na'urar da ke zana numfashin mutum a allo, kowace fitar iska da tudunta, wadda a gida sai a littafi nake ganinta. Na ga yadda ake haska jijiya a gan ta kwance kafin a soka allura, abin da nake yi da lalube da addu'a. Ranar da na fara gani na koma gida ina tuna waɗanda da wannan allo yana gabana watakila da sun tashi. A jirgi nake bita, a tsaye, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya riƙe da takarda. Yara kuwa in na tambaye su da Hausa ko sun ci abinci, sai su amsa da Malay, "dah makan," wato sun ci, su wuce, ba ni da lokacin faɗa. Na ci jarrabawar zangon. Ban zo ta ɗaya ba, ban kuma zo kusa da ƙarshe ba.

Zango na biyu aka raba mu asibitoci. Nawa yana can bayan gari, jirgi biyu da bas. Aka ba kowa littafin aiki, wanda duk abin da mutum ya yi da hannunsa za a rubuta, babba ya sa hannu. In bai cika ba, babu digiri. Aka kuma ba kowa kati ya rataya a wuya. Na 'yan ajinmu fari ne, nawa rawaya.

Sistar da ke kula da ɗakunan tiyata ce ta yi mini bayani. 'Yar asalin Indiya ce, gajera, furfura ta fara fito mata, muryarta kamar ta soja. Ta ce rawaya na nufin mai kallo. Baƙuwar nas ba ta taɓa majiyyaci sai ta samu izinin wucin gadi, izinin kuma ba ya fitowa sai hukumar da ta ba ni lasisi a gida ta aiko da wasiƙa kai tsaye, ba ta hannuna ba, cewa ni ce ni. Ta nuna mini wani jan layi a ƙasa, taku uku daga gadon tiyata.

"Nan ne wurinki. Ki kalla. Kada ki taɓa komai, ko bargo."

Na koma makaranta na tambayi shugabar kwas yaya zan cika littafi ba tare da taɓawa ba. Ta ce batun izini ba nasu ba ne. Na ce to me ya hana a gaya mini tun ranar da aka ɗauke ni, wata shida da suka wuce, in fara nema? Ta ce yana cikin littafin ƙa'idoji. Na koma na duba. Yana nan kuwa, layi biyu a can kusa da ƙarshe, da Malay.

Na kira Yaya. Ya je ofishinmu na gida, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Ya koma, aka ce fayil yana sama. Ya sake komawa, aka ce an aika. Muka jira sati uku, ashe adireshin makaranta aka sa, ba na masu ba da izini ba, sai an sake daga farko. Wannan haushin ya fi na Maleshiya ciwo. Waɗancan ba su san ni ba. Waɗannan nawa ne, shekarun da na yi ina bauta suna nan a cikin fayil ɗin da suke kai wa sama.

Sati bakwai ina tsaye a bayan layi. Ina kallon 'yar ajinmu da ba ta fi shekara uku da fara aiki ba tana kokawa da jijiyar wata tsohuwa, ta soka sau uku, ni kuwa daga inda nake ina ganin jijiyar kwance a gefen wuyan hannu. Na buɗe baki zan ce ta gwada can, Sista ta waiwayo ta kalle ni, na haɗiye. Wata rana wani dattijo da aka turo ya gan ni ya yi magana da Malay, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga baya na matsa wa 'yar ajin sai da ta fassara mini: cewa ya yi a tabbatar ba baƙar nan ce za ta taɓa shi ba. Sista ta ce masa ya kwantar da hankali, kallo kawai take yi. Ba ta ce masa nas ce ba. Gaskiya ta faɗa, amma rabinta.

Ranar Talata ce ta sati na takwas, wajen sha ɗaya na safe. An tura ni ɗakin farfaɗowa, inda ake ajiye waɗanda aka gama wa aiki har barci ya sake su. Nas biyu ne a ɗakin. Aka kira ɗaya ta raka wani majiyyaci zuwa sama. Ɗayar tana can ƙarshen ɗaki tana fama da wani mai amai, labule a ja. A gadon da ke gabana akwai wata mata, za ta kai arba'in, an yi mata aikin madaciya, an cire mata bututu ba da daɗewa ba.

Kunnena ne ya fara ji. Wani siririn sauti, kamar zakaran da ke koyon cara. Sannan shiru. Na duba, ƙirjinta na lotsawa, cikinta na tasowa, tana jan iska da dukkan ƙarfinta amma ba abin da ke shiga. Maƙogwaro ya kulle. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan, ya kuma san ba ya jiran kowa. Lambar oksijin da ke allo ta fara sauka.

Na ƙwala kira, na danna ƙararrawar bango. Nas ɗin ta amsa daga bayan labule ta ce tana zuwa, hannuwanta duka biyu suna riƙe da kan mai amai. Leɓen matar ya fara sauya launi. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma tuna da abin da ke rataye a wuyana ba. Na zagaya kanta, na sa yatsu a bayan muƙamuƙinta na tura gaba da ƙarfi, na fizgo robar iskar da ake kifawa a hanci da baki na kifa mata, na buɗe oksijin har ƙarshe, na matse jaka. Ina ce mata da Hausa, "Ja, baiwar Allah, ja," kamar za ta ji. Jakar ta yi tauri a hannuna, ta yi tauri, can sai na ji ta ɗan saki. Carar nan ta dawo. Ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba.

Likita ya shigo da gudu ya karɓa, ya tura magani a jijiya, ya zuƙe majinar da ta tsaya a maƙogwaron. Cikin 'yan mintuna lamba ta hau, leɓe ya dawo. Ya kalle ni ya ce, "Da kyau." Sai idonsa ya sauka a kan katin, ya ɗan tsaya, ya girgiza kai ya fita. Sista tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Matar kuwa ta buɗe ido daga baya ta nemi ruwa. Ba ta san abin da ya faru ba, ba ta san ni ba, ban kuma sake ganinta ba.

Da la'asar aka ce in miƙa katin in tafi gida sai an neme ni.

Bayan kwana biyu aka kira ni makaranta. Shugabar kwas ce, da wasu mutum biyu da ban sani ba. Rahoto na gabansu. Ba ƙarya ko ɗaya a cikinsa, har lambar da allo ya nuna an rubuta, har cewa majiyyaciyar ta koma gida lafiya.

"Kin san sharaɗin katinki?" in ji shugabar.

"Na sani."

"Me ya sa ba ki nemi taimako ba?"

"Na nema. Yana cikin takardar da ke gabanki. Na yi kira, na danna ƙararrawa."

"To sai ki jira."

"Har yaushe?"

"Har mai izini ya zo."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ke ma nas ce. Da bakinki kika koya mana a aji cewa ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska. In da 'yarki ce a gadon, kin fi so in harɗe hannu ina kallo?"

Ta ce ba maganar 'yarta ake yi ba. Ta ce da abin ya ɓaci, asibitin ne zai amsa, da makaranta, kuma da ba za su sake karɓar baƙo ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Nan ba ƙauyenku ba ne, Puan. Nan akwai tsari."

Ta jawo wata takarda. Aka karanta mini hukunci. An soke satuttukan da na yi, zan maimaita zangon tare da 'yan baya, za a sa gargaɗi a fayil ɗina, kuma ba za a mayar da ni ba sai na rubuta takardar neman afuwa. Sati ɗaya aka ba ni.

Bayan magariba na gaya wa maigidana ba zan rubuta ba.

"Malam, ka ji fa. Afuwa! Wa na yi wa laifi? Matar tana gidanta tana cin abinci."

Ya ce, "Ban ce kin yi laifi ba. Da kin tsaya kina kallo, ni ne zan fara jin kunyarki. Amma takarda ce kawai. Ki rubuta ki wuce."

"Kai za ka rubuta ka yi kuskure a abin da ka san daidai ne?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce babi na uku na kundinsa sau biyar aka sa ya sake shi, kuma na farkon ne daidai. Bai ba ni dariya ba. Kwana biyu ina ajiye masa abinci ba magana, shi da bai yi komai ba.

Ranar Asabar Anti ta ja ni kasuwar Masjid India, wai in taya ta zaɓen yadi. Muka zaga shaguna ba ta sayi komai ba, ta zaunar da ni a wani mamak, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi, ta sa aka kawo mana shayi mai kumfa. Na zazzage mata duka. Ta bari na gama.

"Ƙanwata, kin gama? To ji. In kin tafi, wa ya ci riba? Cewa za su yi dama mun faɗa, haka suke. Mai tabarau ta yi barcinta lafiya. Ke kuma ki koma gida da me? Da gaskiyarki? Wa zai ba ki aji don kina da gaskiya?"

Na ce, "To in yi ƙarya ke nan, Anti."

"Wa ya ce ƙarya? Kawo biro."

A bayan wata takardar tallan yadi muka tsara ta. Na amsa cewa na san sharaɗi. Na amsa cewa na ƙetare shi. Na ba da haƙuri a kan damuwar da hakan ya jawo wa makaranta da asibiti. Ba mu sa kalmar kuskure ba, ba mu kuma ce ba zan sake ba. Na koma gida da ɗan sanyi a raina, ina ganin mun yi dabara.

Litinin na kai. Shugabar ta karanta, ta ɗauki jan biro ta ja layi a ƙasa, ta ce saura jimla ɗaya: na yi kuskure, kuma ba zan maimaita ba. Ta turo mini takardar da biron. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Na tuna zirga-zirgar Yaya, na tuna yaran da nake bari tun da asuba. Na rubuta, na sa hannu. Na fito na shiga banɗaki na kulle na yi kuka, ba na nadama ba, na baƙin ciki. Har yau in na tuna jimlar nan sai in ji ɗaci a bakina, kuma ba na iya cewa ga wanda na fi jin haushi, ita ko ni.

Izinin ya fito bayan kwana tara. Kwana tara kacal.

Na jira zango ya zagayo, 'yan ajinmu suka wuce ni. Aka mayar da ni asibitin da na baro, hannun Sista, wannan karon da farin kati. Ranar farko ta haɗa ni da wata nas ta nuna mini yadda ake riƙe robar iska a fuska: babban yatsa nan, manuniya nan. Na bari ta gama nunawa, na ce na gode. Ban ƙara gardama da kowa ba. Ina zuwa kafin kowa, in duba na'ura, in jera magunguna, in yi abin da aka ce. Sista ba ta sa hannu a littafi sai ta gani da idonta, in ba ta gamsu ba sai an sake, ko ni ko 'yar ƙasa, a wannan kam ba ta bambantawa. Sau biyu ta kama ni da halin gida, ina zuƙar magani a sirinji ban manna masa suna ba, don na saba ni kaɗai ce, na san wanne ne wanne. Ta zubar da su a gabana. A nan ita ce da gaskiya, kuma ban sake ba.

Littafin ya riƙa cika shafi bayan shafi. Likitocin suka fara tambaya ko ina kusa in an samu mai gajeren wuya, ko tsohuwar da jijiyarta ta ɓuya. Ba wanda ya taɓa ɗago zancen waccan Talata. Sai kuma binciken da na rubuta, da ranar kare shi a gaban malamai, inda mai tabarau ta yi mini tambayoyi masu kyau na ba ta amsa, muka rabu kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu. Maigidana ya gama nasa kafin ni. Wata biyar ya yi yana kai yara makaranta, yana yo tapau, wato ƙunshin abinci, daga kedai, shagon da ke ƙasan gidanmu, yana jirana. Bai taɓa yi mini gori ba.

Ranar da na kai wa Sista littafin ta sa hannun rufewa, ta ce in jira ta in an tashi. Ta kai ni wurin cin abinci na asibitin ta saya mini shayi, abin da a sanina ba ta taɓa yi wa ɗalibi ba. Muka zauna. Ta juya cokali, ta sake juyawa.

"Ni na rubuta rahoton nan," ta ce.

"Na sani, Sista."

"In ya sake faruwa, zan sake rubutawa. Aikina ne."

Ta ajiye cokalin ta ci gaba.

"Ina bakin ƙofa tun kina tura muƙamuƙin. Na ga hannunki. Shi ya sa ban ture ki ba." Ta kurɓi shayi. "In ni ce a gadon, ke nake so a kaina."

Na ce, "Me ya hana ki faɗi haka a gabansu?"

Ta ce ba a tambaye ta ba.

Na san a wurinta kyauta ta ba ni, babba ma. Na so in karɓa da hannu biyu, na kasa. Layi ɗaya a ƙasan rahoton da ya wadatar, ita kuma ta san da haka. Na shanye shayin don kada in wulaƙanta ta, na yi mata godiya a kan abin da ta koya mini, da gaske kuma nake, na ɗauki littafina na tafi.

Na karɓi digirin tare da 'yan bayanmu. Anti ta zo da ɗaurin kai kamar za a kai amarya, da aka kira ni ta rangaɗa guɗa a zauren da kowa ke tafi a hankali, mutane suka waiwayo, yarana suka sunkuyar da kai don kunya. Bayan sati biyu muka kwashe kaya muka dawo gida.

Gargaɗin yana nan a fayil. Daga gida na rubuta musu na nemi a cire shi, ko a haɗa shi da rahoton da ya nuna matar ta rayu. Suka amsa cewa ana dubawa. Na sake rubutawa, shiru. Maigidana ya ce in bar shi haka, wa zai buɗe fayil a wata ƙasa? Na ce masa ni na san yana nan. Makon jiya na aika ta uku.